Hanyar Fatake A Kudancin Kaduna: Daga Nok Zuwa Zangon Kataf

A tsakiyar Bahar Rum akwai wani ɗan tsibiri da ake kira Malta, wanda mutanensa duka-duka ba su fi rabin miliyan da 'yan kai ba, amma cikin shekarar 2019 kaɗai baƙi fiye da miliyan 2 da rabi suka kai masa ziyara. Abin da ke jan su can shi ne tsofaffin garuruwan da ke bakin teku, musamman babban birnin tsibirin, watau Baleta, wanda aka sa harsashin gininsa cikin 1566. Tun zamanin da waɗannan garuruwa matsaya ce ta jiragen ruwa. Jirgi ya taso daga Tarabulus ko Iskandariya, ya tsaya ya ɗebi ruwan sha, 'yan kasuwa su saya su sayar, sa'an nan ya wuce Turai. Har wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu ya bi ta can cikin 1855, sa'ad da Baturen nan matafiyi Barth, wanda aka sani da Abdulkarim a ƙasar Hausa, yake komawa gida tare da shi.

Arewa ba ta da teku, amma tana da irin waɗannan matsayai a kan tudu, su ne ake ce wa zango. Inda madugu ya sauke ayarinsa, jakuna suka sha ruwa, fatake suka kwance kaya, nan ne zango, kuma sau da yawa wurin da aka sauka don kwana biyu shi ne yakan zama gari. Ɗan Arewa mazaunin Kudu ya fi kowa sanin haka, domin Sabo ta Badun da Agege ta Ikko da Sabon Shagamu duk da haka suka faro. To, ɗaya daga cikin tsofaffin zangunan ƙasar nan yana kudancin Jihar Kaduna, shi ne Zangon Kataf, kuma kewaye da shi akwai garuruwa masu tsohon tarihi waɗanda yawancin masu zuwa gida hutu sukan wuce su cikin dare ba tare da sun san an wuce ba. Wanda ya keɓe kwana uku ya ratsa wannan yanki zai ga irin abin da zaman baƙo da mai masauki ke ginawa, zai kuma ga irin hasarar da ake yi in zaman ya lalace.

Yadda Ake Zuwa

Wanda ya taso daga Ikko ko Badun sai ya biyo ta Lakwaja zuwa Abuja, daga nan ya ratse ta Keffi ya nufi Kwoi. Wanda kuwa ya taso daga Fatakwal ko Anaca ko Inugu, shi zai haye gadar Makurɗi, ya wuce Lafiya da Akwanga, ya bi ta Gwantu da Gidan Waya ya shiga Kafancan. Mai komawa Kudu daga gida yana iya biyowa daga Kaduna ta Kaciya da Zonkwa. Ko ta ina aka bi, ya kamata a yi tafiyar da rana, a kuma tambayi direbobi a tasha halin da hanya ke ciki, domin yankin ya sha fama da hare-hare a ƙauyuka da kuma masu satar mutane a 'yan shekarun nan.

Abin da matafiyi zai fara lura da shi shi ne ƙasar ba irin ta Kano ko Katsina ba ce. Ruwan sama ya fi yawa, yakan sauka tun watan Afrilu har zuwa Oktoba, ga duwatsu da rafuka da itatuwa masu duhu. Ana noma doya da gwaza da acca da dawa da masara, amma abin da ya fi fitar da sunan yankin shi ne citta. Mafi yawan cittar da ake sayarwa a kasuwannin Kudu, da wadda ake lodawa a jirgin ruwa a Apapa zuwa ƙasashen waje, daga ƙasar Kaciya da Jaba da Kagarko take fitowa. Cikin 2023 wata cuta ta faɗa wa gonaki ta ruɓar da citta mai yawa, manoma suka yi babbar hasara, abin da ya sa kuɗinta ya yi tashin da masu shayi da masu kayan miya a Kudu ba za su manta da shi ba.

Nok Da Kwoi

Kwoi ita ce babban garin mutanen Ham, waɗanda Hausawa suka saba kira Jaba, kuma sarkinsu shi ake ce wa Kpop Ham. Ba nisa da nan akwai ƙauyen Nok, wanda sunansa ya zaga duniya. Cikin 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan kai na yumɓu a nan, aka ajiye shi ba a ɗauke shi wani abu ba. Sai cikin 1943 aka sake samun wani kai babba kusa da Jema'a. Wani ma'aikacin kuza ya kai shi gonar doyarsa ya kafa don tsorata masu ɓarna, har wani Bature ya gan shi ya kai wa Bernard Fagg a Jos. Fagg ya gwada shi da wancan na farko, ya ga lalle hannu iri ɗaya ne, shi ne ya sa wa waɗannan kayayyaki sunan Nok, shi ne kuma ya kafa gidan tarihi na Jos cikin 1952.

Kawunan Nok ba su da wuyar ganewa. Idanunsu masu kusurwa uku ne, an huda ƙwayar idon da hanci da baki, ga kitso da duwatsun wuya iri-iri waɗanda ke nuna cewa mutanen sun san ado. Waɗannan huji sun taimaka wajen gashi, domin ta nan zafi da tururi ke fita yumɓun bai fashe ba. Daga shekarar 2005 masana daga jami'ar Frankfurt ta Jamus suka yi shekaru suna tono a yankin tare da hukumar kula da kayan tarihi ta Nijeriya, kuma bincikensu ya nuna mutanen Nok sun zauna a nan tun wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa, suna noman gero, daga baya suka shiga narkar da tama suna ƙera ƙarfe. Watau ana zaune a wannan ƙasa ana sana'a tun kafin a yi ganuwar Kano da shekaru fiye da 2,000.

Abin baƙin ciki shi ne ɓarayin kayan tarihi sun tone wurare da yawa sun sayar wa dillalai, kayan suka ƙare a gidajen attajiran Turai da Amurka. Akwai ɗan gidan tarihi a ƙauyen Nok, amma manyan kayan suna Jos da Kaduna da Ikko. Mazaunin Ikko da bai sami sukunin tafiya ba yana iya zuwa gidan tarihi na Onikan ya gani da idonsa. In kuwa wani ya tare baƙo a hanya ya ce yana da kan Nok na sayarwa, to ya rabu da shi, domin doka ta hana cinikin.

Kafancan, Garin Jirgi

Daga Kwoi sai Kafancan. Mutanen Fantswam ne asalin mazauna wurin, suna maƙwabtaka da Bajju da Kaninkon da Kagoro, amma jirgin ƙasa ne ya mai da shi babban gari. Turawa sun fara shimfiɗa hanyar jirgi daga Fatakwal cikin 1913, ta isa Inugu cikin 1916 saboda kwal, aka ci gaba da ita ta Makurɗi har ta haɗu da wadda ta taso daga Kaduna a Kafancan cikin 1927. A shekarar nan kuma aka gama reshen da ya hau dutse zuwa Jos. Kafin a buɗe gadar Makurɗi cikin 1932, jirgin fito ne ke haye da taragai a kan Binuwai. Da aka kai hanya Maiduguri cikin 1964, sai ya zamana duk mai zuwa Bauci ko Gombe ko Barno daga Gabas ta Kafancan zai bi.

Kuza tana gangarawa daga Jos zuwa bakin teku, kwal yana hawowa daga Inugu, shanu da gyaɗa da auduga suna wucewa, fasinja kuwa sukan kwana a tasha suna jiran canjin jirgi. Dattawa da yawa da ke zaune yau a Aba da Umuahia da Fatakwal ta nan suka bi ran da suka fara barin gida. Aikin reluwe ya jawo Ibo da Yarbawa da Tibi da Idoma, ciniki ya jawo Hausawa, garin ya zama kowa da kowa. Cikin 1933 aka dawo da fadar Sarkin Jema'a nan Kafancan. Ita masarautar Jema'a Fulani ne suka kafa ta wajen 1810, tana bin Zazzau, kuma a zamanin Turawa ta taɓa zama cikin Lardin Filato, daga baya aka sa ta cikin Jihar Arewa Ta Tsakiya, wadda ta koma Jihar Kaduna cikin 1976.

Yau jirgin fasinja ya daina zirga-zirga ta nan kamar da. Baƙo zai tarar da tsohuwar tasha da gidajen ma'aikata da tsofaffin taragai a tsaye, ciyawa ta fito tsakanin ƙarafa. Duk da haka wurin ya isa a tsaya a duba, musamman ga yaran da aka haifa a Kudu, waɗanda ba su taɓa ganin hanyar da kakanninsu suka bi ba. Kasuwar garin kuwa tana ci, kuma a nan ne masauki ya fi samuwa, saboda haka ya fi kyau mutum ya ajiye kayansa a Kafancan ya riƙa fita yana dawowa.

Matsirga Da Dutsen Kagoro

Ba nisa da Kafancan, wajen Madakiya a ƙasar Bajju, akwai Matsirga. Sunan ma ya faɗi abin da ke wurin, watau inda ruwa ke tsirgowa. Kogi ne ya taso daga wajen duwatsun Kagoro, ya zo bakin wani falalen dutse ya zubo ƙasa daga tsawon kusan mita 30. A watan Agusta da Satumba tun daga nesa ake jin rurinsa, feshin ruwa ya tashi kamar hayaƙi, in rana ta haska a ga bakan gizo a ciki. Da rani ruwan yakan ragu, amma a lokacin ne sauka ƙasa ta fi sauƙi. Duwatsun suna da santsi, kuma ƙarƙashin ruwan akwai zurfi, don haka kada a bar yara su matsa su kaɗai, a kuma nemi ɗan gari ya yi jagora.

Garin Kagoro yana gindin wani dogon dutse wanda ake hangowa tun daga Kafancan. A ƙarni na 19, sa'ad da mahaya dawaki ke kai hari neman bayi, kan wannan dutse da kogunansa su ne mafakar mutanen Kagoro, shi ya sa ba a taɓa cin su da yaƙi aka sa su ƙarƙashin wani sarki ba. Ko a zamanin Turawa, Kagoro da Jaba da Moro'a sarakunansu ne ke riƙe da su, ba su bin Zariya. Malam Gwamna Awan ya yi sarautar Kagoro daga 1945 har zuwa rasuwarsa cikin 2008, shekara 63 ke nan, kuma ana ambatonsa cikin sarakunan da suka fi daɗewa kan gado a ƙasar nan. A zamaninsa ne aka tsayar da bikin Afan ran 1 ga watan Janairu kowace shekara. Biki ne na gama girbi da shiga lokacin farauta, maharba su fito da kwari da baka, 'yan rawa su zo daga ƙauyuka, 'yan ƙasa da ke aiki a Ikko da Fatakwal su dawo gida dominsa. Wanda hutunsa ya faɗo ƙarshen shekara, wannan ita ce ranar da ta fi dacewa ya iso.

A nan da sauran garuruwan yankin baƙo ba zai rasa abokin magana ba, domin kusan kowa yana jin Hausa ban da harshensa. 'Yan mishan na SIM sun sauka Kwoi cikin 1910, daga baya suka zo Kagoro, kuma da Hausa suka yi yawancin aikinsu. An buga Littafi Mai Tsarki da Hausa cikin 1932, har yau kuma da Hausa ake waƙa da wa'azi a majami'u masu yawa. Mutum ya wuce ran Lahadi ya ji ana rera waƙa da harshen da ya tashi da shi, ran Juma'a kuma ya ji huɗuba da shi a masallacin Kafancan.

Zangon Kataf

Daga Kagoro hanya ta miƙe zuwa Samarun Kataf, inda hanyoyi suka rabu, wata ta yi Zonkwa, wata ta yi Manchok da Jos, wata kuma ta nufi Zango. Ƙasar nan ta mutanen Atyap ce, waɗanda Hausawa ke kira Kataf ko Katab, garin Zango kuwa na Hausawa ne a tsakiyarsu, gonakin Atyap sun kewaye shi ta kowace fuska. Tun kafin jihadin 1804 fatake masu tasowa daga Kano da Zariya zuwa ƙasashen bakin Binuwai suke sauka a nan. Ayari yana bukatar ruwa da abinci da ciyawar dabbobi da kuma amincin kwana, mutanen ƙasa kuwa suna bukatar gishiri da kanwa da tufafi. A kan wannan musaya zangon ya tsaya, wasu fatake suka zauna suka zama masu masauki da dillalai, suka yi aure suka hayayyafa.

Cikin 1827 Baturen Ingila Richard Lander ya bi ta nan bayan maigidansa Clapperton ya mutu a Sakkwato. Ya rubuta cewa ya tarar da ƙauyuka masu ɗimbin yawa kusa da juna, da kasuwa mai ci wadda ake kawo mata kaya daga nesa. Daga nan ya yi kudu har Daroro ta ƙasar Jema'a, inda mahayan Sarkin Zazzau suka komo da shi. Cikin kayan da ake sayarwa a kasuwar a wancan zamani har da bayi, kuma wannan shi ne tabon farko a tarihin wurin. A ƙarni na 19 Zazzau ta riƙa karɓar gandu daga wannan yanki tana kuma kai hari, jikokin waɗanda abin ya shafa ba su manta ba.

Da Turawa suka zo sai suka sa Atyap da Bajju da Ikulu da Kamantan ƙarƙashin hakimin da ake naɗowa daga Zariya, mazauninsa kuwa Zango. Haraji da aikin tilas da shari'ar alƙali duk daga garin suke fitowa, saboda haka a idon manomin Atyap garin baƙi ya zama gidan hukuma. An yi bore a kan wannan cikin 1946, amma sai 1967 aka naɗa ɗan ƙasa, Malam Bala Dauke, hakimi, shi ma a ƙarƙashin Sarkin Zazzau. Ana cikin haka jirgin ƙasa ya kashe fataucin ayari. Hanyar jirgi ta bi ta Zonkwa ta bar Zango a gefe, ciniki ya koma tasha, kuma da aka yi ƙaramar hukuma mai sunan Zangon Kataf, a Zonkwa aka sa hedkwatarta. Abin da ya rage wa garin shi ne kasuwarsa da 'yan gonakin da ke bakinsa, kuma a kan su biyun nan ne wuta ta tashi.

Shekarar 1992

A farkon 1992 ƙaramar hukuma ta yanke shawarar ta da kasuwar Zango zuwa sabon wuri. Atyap suka ce tsohuwar kasuwa ta matse, kuma ba su da rumfuna a cikinta sai kaɗan. Hausawan Zango suka ce sabon wurin ba a shirya shi ba, kuma nufin shi ne a karya musu ciniki, har aka kai magana kotu. Ran 6 ga Fabrairu faɗa ya ɓarke, mutum kusan 100 suka mutu. Gwamnatin jiha ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Rahila Cudjoe, amma kafin ya gama aiki, a tsakiyar watan Mayu, aka sake wani wanda ya fi na farko muni. Aka ƙone kusan dukan garin Zango, ɗaruruwan mutane suka halaka, da labari ya isa Kaduna da Zariya kuma aka shiga ramuwa a kan mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Gwamnatin Janar Babangida ta kafa kotu ta musamman a ƙarƙashin Mai Shari'a Benedict Okadigbo. Cikin 1993 kotun ta yanke hukuncin kisa a kan wasu shugabannin Atyap, cikinsu har da Manjo Janar Zamani Lekwot mai ritaya, wanda mazauna Fatakwal za su tuna ya yi gwamnan soja na Jihar Ribas daga 1975 zuwa 1978. Lauyoyi da yawa sun soki yadda aka yi shari'ar, daga baya aka sassauta hukuncin zuwa ɗauri, aka kuma sake su. Har yau in an zauna da mutumin Zango zai ce ba a biya jinin 'yan'uwansa ba, in an zauna da mutumin Atyap zai ce ɓangare ɗaya aka hukunta. Bahaushen Zango yana cewa kakannin kakanninsa a nan aka binne su, ba shi da wani gari da zai koma. Mutumin Atyap yana cewa ƙasar ta kakanninsa ce, aro aka bayar. Baƙon da ya zo kwana uku ba shi zai raba wannan gardama ba, abin da ya kamace shi shi ne ya saurari kowa.

Gwamnati ta sake gina gidaje a Zango, mutane suka dawo. Cikin 1995, zamanin Kanar Lawal Ja'afaru Isa, aka ba Atyap da Bajju masarautunsu, aka raba su da Zazzau. Injiniya Harrison Bungwon ne ya fara zama Agwatyap, watau Sarkin Atyap, bayan rasuwarsa cikin 2016 aka naɗa Dominic Gambo Yahaya. Wannan ya kashe tsohuwar ƙarar da aka daɗe ana yi game da mulki, amma maganar gonaki ba ta mutu ba, kuma yankin ya sake ganin tashin hankali, musamman bayan zaɓen 2011 a Zonkwa da Kafancan, da kuma daminar 2020. Masu neman sulhu su ma ba su zauna ba. A watan Maris na 2016 wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomi 5 suka sa hannu a kan takardar zaman lafiya a Kafancan, a watan Agusta na 2020 kuma Agwatyap ya tara Atyap da Hausawa da Fulani a Unguwar Wakili suka yi alkawarin yafe wa juna.

Abin Da Ya Shafi Mazaunin Kudu

Mai karatu da ke zaune a Kudu ba zai ji wannan labari kamar na wata ƙasa ba. An yi na Shagamu da na kasuwar Mile 12 cikin 1999, an yi na Idi-Araba cikin 2002, an yi na kasuwar Shasha a Badun cikin 2021, kuma da yawansu a kasuwa suka faro, a kan wa zai raba rumfa, wa zai karɓi kuɗin shiga. Akwai bambanci guda. A Zangon Kataf baƙo ya daɗe yana da hukuma a bayansa, a Kudu kuwa Sarkin Hausawa a ƙarƙashin sarkin gari yake zaune. Amma tambayar ɗaya ce: yaron da aka haifa a zango, ubansa ma a nan aka haife shi, yaushe zai daina zama baƙo, kuma mene ne haƙƙin mai ƙasa a kansa? A Zango an bar wannan tambaya shekara da shekaru ba a zauna an amsa ta ba, har ranar da maganar rumfunan kasuwa ta tone ta.

Haka kuma mutanen kudancin Kaduna da yawa suna zaune a Kudu, a barikokin soja da na 'yan sanda, a ma'aikatu da makarantu. A can ba a tambayar wane ne Atyap wane ne Bazazzagi, duk sunansu 'yan Arewa, kuma in rikici ya tashi mota ɗaya suke nema. Sau da yawa mutanen da iyayensu ba sa ga maciji a gida su ne ke zama maƙwabtan kirki a Agege ko Obalende, suna gaisawa da Hausa, suna aika wa juna abincin salla da na Kirsimeti. Irin wannan maƙwabci shi ne mafi kyawun ɗan jagora, kuma wanda zai yi wannan tafiya ya kamata ya nemi adireshin danginsa tun kafin ya tashi.

Ladabin Baƙo

Mutanen yankin sun fi son a kira su da sunayen da suke kiran kansu: Atyap maimakon Kataf, Bajju maimakon Kaje, Ham maimakon Jaba, Adara maimakon Kadara. Akwai tsofaffin kalmomi na raini da aka saba jifan su da su a da, waɗannan kam a bar su a tasha. Wanda ya shiga gari ya fara gaida mai unguwa ko dagaci, kada ya ɗauki hoton mutum ko gida ko kabari sai da izini. Zai ga ana kiwon aladu ana dafa burkutu a wasu unguwanni, zai kuma ga unguwannin da ba a yi, kowa da al'adarsa, ba kuwa gyaran al'ada ya kawo shi ba. Maganar 1992 kada ya fara ta da ita, in mai gida ya ɗauko ta da kansa sai ya kasa kunne.

Kafin ya juyo ya ratsa kasuwa, ko ta Zango ko ta Samaru ko ta Kafancan, ya sayi tsaraba: busasshiyar citta da acca da zuma da doya. Zai ga mai kawo kayan daga ƙauye da mai awo da mai loda wa mota sau da yawa ba harshensu ɗaya ba, ba kuma addininsu ɗaya ba, amma kowannensu ya san in ɗayan bai fito ba ranar ba ciniki. Buhun cittar da za a sauke a Mile 12 mako mai zuwa ta hannunsu duka ya biyo. Allah ya zaunar da ƙasa lafiya, ya kai matafiya gida lafiya, amin.